Maneti Takwas Masu Fitila

Ranar Laraba da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, bayan sallar la'asar, ɗan ƙanwata Nasiru ya shigo shagona a Madawa tare da abokansa biyu, Bashiru da Ilu. Ni kaɗai suka tarar, ina goge cikin wata kwamfuta da tsohon buroshin haƙori. Suka ce za su buɗe gidan wasan kwamfuta a Urno irin nawa. Sun sami ɗaki, sun sami farantin sola, saura maneti, wato abin nan da ɗan wasa ke riƙewa da hannu biyu yana danna maɓallai don ya tafiyar da 'yan ƙwallonsa. Sun taho da samfuri uku daga Konni, duka marasa waya, duka masu araha, wai in zaɓa musu ɗaya.

"Kawu, ai ba wani aiki ba ne," in ji Nasiru. "Ka kunna, ka zamna, mutane su taho. Hwaɗa muna wanda ya hi kyau mu tahi, kada mota ta cika."

Na ce su nemi benci, motar Urno ba ta taɓa cika kafin magariba ba. Abin da na gaya musu ranar shi ne na rubuta a nan, tare da abin da na tuna bayan sun tafi.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ware sukurori ne. A wurin Usta Mamman na koya, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin tasha. Wata uku ina zaune gaban gwangwanayen tumatir ina raba dogo da gajere, mai kan giciye da mai kan tsaga, ban taɓa turnabis, abin kwance su, ba. Daga baya ya bar ni in riƙe masa ƙarfen dalma, wanda muke ɗorawa a garwashi idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Usta Mamman ba ya duba kwalin kaya. Yakan ɗauki abu ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya girgiza shi kusa da kunne, ya shinshina wurin da iska ke fita. In ya ji wani abu na motsi a ciki sai ya mayar wa mai shi. Yakan ce kayan araha ido suke yi wa ƙarya, ba sa iya yi wa hannu. Na ji maganar shekara shida, na riƙe ta da kyau, na kuma karya ta sau ɗaya, wanda shi ne tushen wannan labari.

Da na buɗe nawa shagon, a jikin katangar gidan Hajiya Kuluwa wadda ta ba ni hayar ɗakin, da kwamfuta biyu na fara da maneti masu waya. Maneti mai waya ba shi da aibi sai wayar. Mutumin da ya ci ƙwallo ba ya tuna cewa igiya ta haɗa shi da tebur. Zai tashi da ihu ya nufi ƙofa don ya yi wa abokinsa gwalo, kwamfuta ta biyo shi. Sau biyu na tsince ta a ƙasa. Na uku akuya ce ta shigo da gudu, kare na bin ta, ta fita da maneti ɗaya a wuya har bakin masallaci. A makon nan na yanke shawarar komawa marasa waya.

Kafin mutum ya zaɓi maneti sai ya san hannun da zai riƙe shi. Masu ƙera waɗannan abubuwa ba su taɓa ganin babban yatsan manomin albasa ba. Mutumin da ya yi wata huɗu yana dashe yana ban ruwa, in ya danna maɓallin bugu, da niyyar ƙwallon ta fasa raga yake dannawa. Ba ya yarda cewa taɓawa kaɗan ta isa. Ga masu shigowa da man ƙuli-ƙuli a hannu, ga masu cizon maneti idan an hura musu fenariti. Abin da ke fara lalacewa shi ne sandar hagu, wadda ake juya ɗan wasa da ita. In ta gaji sai ta karkata, ka ga ɗan ƙwallo ya bar wasa ya nufi bakin fili shi kaɗai a hankali, kamar wanda fitsari ya matsa.

Saboda haka na samo hanyar gwaji. Akwai wani Sanusi mutumin Tamaske, ɗan kasuwar albasa, tsohon ɗan kokowa, wanda ya fi kowa iya wasa a tsakanin masu zuwa daga can. Duk sabon maneti shi nake fara ba. Wanda ya kwana uku a hannun Sanusi sandarsa na tsaye, zai yi shekara a hannun sauran bayin Allah.

Na ɗauki samfurin farko na Nasiru na nuna musu. Baƙi ne, mummuna, mai cin pil biyu, wato ƙananan batiran nan da ake canzawa, da ɗan kile nasa, wato ƙaramin abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta don ya karɓi saƙon maneti. Yana da nauyi, ba ya ƙara in an girgiza shi. Aibinsa murfin pil, yakan ɓata a mako na biyu, sai a ɗaure da robar tayar keke. In pil ya mutu ana tsakiyar wasa, kafin a gama gardama ka canza wani.

Na biyu ba shi da kile, da bulutus yake magana da kwamfuta. Yana da kyau a gidan mutum ɗaya. A ɗakin da wayar salula ashirin ke kunne kuwa, sai ka danna bugu yanzu, ɗan wasa ya yi shawara da iyalinsa tukuna. Kuma yana da barci. In aka ajiye shi don yin sallah, sai an yi ta lallashi kafin ya farka.

Na uku kuwa tun shigowarsu idon Nasiru na kansa. Fari ne, ana hango cikinsa, fitilu ja da shuɗi na zagaya shi, yana kakkarwa a hannu idan an ci ƙwallo, batirinsa a ciki yake ana caji da waya. Kile ɗaya na ɗaukar maneti biyu.

"Wanga dai, Kawu," in ji Nasiru. "Ko ba a wasa shina kiran mutane."

"Awo," in ji Ilu. "Kamar motar amarya."

Na ce musu irin wannan ne ya kusa fitar da kayana titi.

Shekarar da na ƙara kwamfuta suka zama huɗu, na je Konni sayen maneti. Mai shagon ya kashe fitilar shagonsa, ya kunna guda ɗaya mai fitila ya ɗora a tebur. Na ɗauka na ji ba nauyi. Na girgiza na ji wani abu na amsawa a ciki. Duk da haka na sayi takwas, ban kawo ɗaya Sanusi ya gwada ba. Mako biyu na farko shagon ya cika har waje. Yara na leƙe ta taga don ganin fitila kawai.

Da bazara ta shigo sai batiran suka fara kumbura. Maneti ya yi ciki kamar ƙosai. Wanda ke yin yini a caji ɗaya ya koma awa biyu, daga nan rabin awa, kuma ba ya gargaɗi. Fitilarsa na ci har lokacin da zai mutu. Wata rana wani Laminu mutumin Buza, direban kabu-kabu, wanda shi ne gwanin mutanen garinsu, ya tsaya zai buga fenariti a minti na ƙarshe, manetinsa ya mutu. Abokin wasansa ya yi dariya. Benci ya tashi sama, ya fita ta ƙofa, ya sauka a kan randar da Hajiya Kuluwa ke ajiye wa masu wucewa ruwan sha.

Hajiya ta fito ta dubi randar, ta dube ni.

"Hamisu."

"Na'am, Inna."

"Randar ga ta girme ka."

"Haka ne, Inna. Zan kawo wata."

"Ka kawo. Amma ka ji da kunnenka. In na sake jin hwaɗa a ɗakin ga, ko na kaji ne, kai da injinanka titi. Akwai mai son sa injin niƙa, shi aƙalla in ya yi ƙara gari ka hita."

Ba wani ɗaki mai mitar kuran da zan samu a unguwar, wannan kowa ya sani, har da ita.

Gyaran takwas ɗin ya ci mini kwana goma. Na buɗe kowanne na cire kumburarren batiri, na sayo tsofaffin batiran wayar salula a wurin masu gyara, na liƙa da dalma, na yanke wayar fitilun don su daina shan caji. Suka koma aiki lafiya, sai dai ba haske. Wasu suka ce na cuce su, don fitila suke zuwa. Na ɗauka na gama da aibin wannan maneti. Ashe akwai wani da ban sani ba, don bai taɓa samun damar fitowa ba.

Bayan an kwashe albasa, kuɗi ya shiga hannun samari, sai suka nemi a yi gasa. Mutanen Tamaske suka sa buhun albasa, mutanen Buza suka sa rigar ƙwallo. Na je na roƙi Hajiya, na yi mata alkawarin ba za ta ji ko tari ba. Aka fara da safe mutum goma sha shida. Zuwa azahar saura huɗu: Sanusi zai kara da wani tela na unguwarmu, Idi, a kwamfuta ta ɗaya, Laminu kuma da Mushe Abdu, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a ta biyu. Kowa ya san yadda za ta kaya. Idi da Mushe Abdu sa'a ce ta kawo su nan. Abin da jama'a suka zo gani shi ne wasan ƙarshe, Sanusi da Laminu, Tamaske da Buza. Sanusi ya ɗaura kambunsa na kokowa a dantse. Laminu kuma an ce ya sha rubutu tun asuba, shi dai bai musa ba.

Ana shirin farawa kuran ya ɗauke. Na fita na tayar da injin wuta. A ranakun da ba taro, in haka ta faru nakan karɓe manetin duka, in kwamfuta ta tashi in kunna in miƙa wa mai ita. Ranar ban samu hanyar ratsa mutane ba. Da ekaran, wato gilasan kwamfutocin, suka haska, su huɗun suka danna maɓallin kunnawa lokaci ɗaya, kowa na ɗokin a fara. Ni kuma al'adata ce ni ke shirya wasa da kibod, don kada a taɓa mini saiti. Sanusi da Laminu duk ƙungiya ɗaya suke so, mai fararen kaya, na ba kowa ita a kwamfutarsa. Idi da Mushe Abdu na ba su masu ja. Na danna, wasa biyu suka tashi tare.

Minti biyu da farawa Idi ya ci Sanusi. Ɗan bayan Sanusi na tsaye da ƙwallo gaban ragarsa, ba kowa kusa da shi, sai ya juya ya ba ɗan wasan Idi kamar sadaka. A ɗaya gefen kuma ɗan gaban Laminu ya kai bakin raga, mai tsaron gida ya faɗi, sai ya juya da ƙwallon ya nufi tsakiyar fili a guje.

"Kai! Ina za ka?" in ji Laminu. "Raga na bayanka, ɗan banza!"

"Hamisu, manetin ga ya haukace," in ji Sanusi.

Na ce ba a canza maneti ana cikin wasa, dokar da su da kansu suka sa ce. Idi ya ƙara na biyu. Bai yi murna ba, tsoro ya kama shi, ya ce, "Wallahi Sanusi ba da gangan ba ne." Mushe Abdu ya ci Laminu huɗu a jere, ya gyara tabarau ya fara bayyana wa na kusa da shi cewa ƙwallo lissafi ne.

Da Idi ya ci na huɗu, Sanusi ya dangwarar da manetinsa a ƙasa, ya kama kambun dantsensa yana gunaguni. A daidai wannan lokaci 'yan wasan Laminu goma sha ɗaya suka tsaya cak a ɗaya ekaran. Laminu na danna maɓallai da duk ƙarfinsa, ko gezau. Mutanen Buza suka dubi ekaran, suka dubi hannun Sanusi a kan kambu.

"Ya ɗaure su! Mun gani da idonmu!"

Laminu ya saki nasa manetin ya miƙe yana nuna Sanusi da yatsa. Sanusi ya ɗauki nasa da sauri don ya ci gaba, sai ya tarar nasa 'yan wasan su ma sun daskare.

"To wa ya ɗaure wa?" in ji mutanen Tamaske. "Rubutun da ya sha, na mine ne? Na ciwon ciki?"

Idi da Mushe Abdu, da suka ga fili ba mai tare su, kowa ya ƙara ɗaya, alƙalin wasa ya hura tashi. Biyar da nema nan, biyar da nema can. Na ga benci ya fara barin ƙasa. Na tsaya tsakiya na ware hannuwa ina cewa a yi wa Allah a tuna da randa. Kafin in rufe baki haske ya ragu a ƙofa. Hajiya Kuluwa ce, da muciya a hannu, tuwo take tuƙawa.

"Hamisu, fara da wacce ta hi nauyi. Zan sa a kira maka amalanke."

A bakin ƙofar akwai wani dattijo zaune a kan buhun albasar gasa, Baffa Altine, Bafillace makiyayi da ke zaune da shanunsa a bayan gari, wajen hanyar Keita. Yakan kawo wayarsa da tocila caji duk mako, ya zauna ya jira. Bai taɓa riƙe maneti ba, ba shi da gwani a cikinsu, don haka shi kaɗai ne a ɗakin ya kalli ekaran biyun tare.

"Hajiya, a dakata da amalanke," in ji shi. "Mai shago, in tambaye ka. Abin ga na hannunsu, kowane da uwarsa?"

Na ce kowane biyu da kile ɗaya, in shi yake nufi.

"Da wuta ta dawo, ɗaya-ɗaya ka sake su, ko gaba ɗaya?"

Na ce gaba ɗaya suka kunna.

Ya girgiza kai. "Mu in za a yi tatsa, maruƙa na ɗaure a dangwali. Ɗaya kake kwancewa, ya tai ga uwarsa, ya kama nono, sannan ka kwance na biyu. In ka sake su duka, mai yunwa duk saniyar da ya tarar ita zai kama. Tun ɗazu nike gani. Wanga ƙato in ya karkata hagu, mutanen wancan gilashi ka karkata. Ɗan maraƙinsa na shan nonon saniyar Buza."

Na sake shirya wasa a kwamfuta biyun, na ce kowa ya ajiye maneti sai Sanusi. Na ce ya tura sanda dama. A ekaran ɗinsa ba abin da ya motsa. A na Laminu wani mai fararen kaya ya ruga dama har ya fita fili. Na ce Laminu ya danna bugu. Ɗan wasan Sanusi ya ɗaga ƙwallo sama.

Wannan shi ne aibin da ban sani ba. Manetin mai pil da kilensa tare aka ƙera su, ba ya jin kiran wani. Mai fitila kuwa duk kilen irinsa da ya fara amsa masa shi yake bi. Mutum ɗaya a gidansa ba zai taɓa ganewa ba. Sai mai shago da ya tara takwas iri ɗaya a ɗaki ɗaya. Na ce wa su Nasiru in sun ƙi ji sun sayi mai fitila, to su kunna ɗaya-ɗaya, kuma kada su ajiye iri ɗaya a kwamfuta biyu da ke maƙwabtaka. In kuwa shawarata suke so, su ɗauki baƙin nan mummuna, su tanadi robar taya.

A ranar dai gano dalili bai kashe wutar ba, ya sauya mata wuri ne kawai.

"Ashe kai ka ba tela ƙwallona gaban raga!" in ji Sanusi.

"Kai fa? Wa ya juya min ɗan gaba ya kai shi tsakiyar hili? Ko ɗiyata ba ta wanga wasa!"

Suka haɗu a kan abu ɗaya, a sake wasan. Idi ya ce shi bai ƙi ba, yana kallon dantsen Sanusi. Mushe Abdu ya ce sam, alƙali ya hura, kuma a dokar ƙwallo ba a tayar da wasan da ya mutu. Hayaniya ta sake tashi. Hajiya ta buga muciya a ƙofa sau ɗaya.

"Ku tsaya in gane. Kai ƙato, a gilashinka nawa aka ci ka?"

"Biyar, Inna. Amma ba hannuna ba ne."

"Hannunka yana ina?"

"Gilashin Laminu."

"Can nawa aka ci?"

Wani daga baya ya ce biyar.

"To in an bi gilashi an ci ka biyar, in an bi hannu an ci ka biyar. Kai ma direba haka. Mi za a sake? Ku zamna ku kalli waɗanda suka iya."

Dariyar da aka yi ita ta sauke bencin. Mutanen Tamaske na yi wa Laminu, mutanen Buza na yi wa Sanusi, su biyun kuma suka zauna benci ɗaya suna zagin manetin tare. Na kashe takwas ɗin duka, na kunna ɗaya na miƙa wa Idi, na jira ya kama, na kunna na biyu na miƙa wa Mushe Abdu. Baffa Altine na kallo yana gyaɗa kai. Wasan ƙarshen shi ne mafi muni da aka taɓa yi a shagona. An tashi ba ci, aka je fenariti, Idi ya ci da ɗaya bayan an zubar da bakwai. Ya ɗauki rigar, ya raba albasar, ya ba Baffa rabi tun da a kanta yake zaune.

Da mutane suka watse na tsaya gaban Hajiya ina jiran hukunci. Ta ce benci ya tashi amma bai sauka kan kowa ba, don haka ba za ta kira shi faɗa ba. Ta ce in zauna. Sai dai ta sa sharaɗi ɗaya: ba za a sake gasa a ɗakinta ba sai dattijon nan na zaune a bakin ƙofa, don a cikinmu duka shi kaɗai ta ga yana da ido biyu.

Sharaɗin na nan har yau. Da an yi ruwan farko Baffa Altine kan yi arewa da shanunsa, ba ya dawowa sai an cire amfanin gona, saboda haka ba a gasa a shagona da damina.